Lasifikar Kasuwa da Dokar 1974: Tarihin Takunkumin Tallar Magani

Idan ka taɓa cin kasuwar Tambuwal ko ta Kebbe, ko ka tsaya a tasha kana jiran motar Fakku, ba ka rasa jin lasifika tana shelar kwalba ɗaya mai warkar da ciwon suga, hawan jini, farfaɗiya da raunin mazakuta. Kirarin yana da daɗin ji, musamman ga mai jinyar da ya gaji da zaryar asibiti. Sai dai doka ta haramta irin wannan shela tun 1974, kuma ya kamata ka san dalili.

Tsaron mai saye ba baƙon abu ba ne a ƙasarmu. A Daular Usmaniyya akwai muhtasibi, mai duba mudu da hana algus a kasuwa. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, wanda ya rasu a Wurno a 1837, ya rubuta littattafai kan magunguna, har da na ciwon ido da basir. Magabata sun ɗauki magani a matsayin ilimi da amana.

Da jaridu suka yawaita a Turai, sai 'yan kasuwa suka cika su da alkawuran waraka. Ingila ta hana tallar maganin cututtukan sanyi a 1917, sannan ta hana ta maganin ciwon daji a 1939, domin an ga marasa lafiya suna ɓata lokaci da dukiya a kan kwalaben banza har ciwo ya fi ƙarfin likita. Nijeriya ta bi wannan hanya da Dokar Abinci da Magunguna mai lamba 35 ta 1974. Dokar ta jero cututtukan da ba a yarda kowa ya yi wa jama'a tallar maganinsu ko rigakafinsu ba, cikinsu har da ciwon daji, ciwon suga, hawan jini, ciwon zuciya, ciwon ƙoda, tarin fuka, farfaɗiya, kuturta da raunin mazakuta. Hikimar a fili take: waɗannan cututtuka ne da sai an auna kafin a gane su, kuma jinkiri a cikinsu yana cin rai.

Amma doka ba ta tsare kanta. A 1990 yara fiye da 100 suka mutu a Jos da Ibadan bayan sun sha maganin zazzaɓi na ruwa da aka haɗa da sinadari mai guba. Bayan wannan masifa aka kafa hukumar NAFDAC da doka mai lamba 15 ta 1993. A shekarar kuma aka yi wata doka da ta hana sarrafa magani, shigo da shi, sayar da shi ko tallarsa sai an yi masa rajista. Dokar jabun magunguna ta 1999 ta hana tallar magani a kasuwa, tasha, bakin titi da cikin motar haya. A zamanin Farfesa Dora Akunyili, daga 2001 zuwa 2008, mutanen karkara ma suka koyi neman lambar NAFDAC a jikin kwali. Ta fuskar talla kuwa, an kafa APCON a 1988, kuma a 2022 ARCON ta gaje ta, ikonta ya haɗa da tallace-tallacen intanet.

Ga abin da wannan tarihi ya bar maka. Maganin da sai likita ya rubuta ba a tallarsa ga jama'a a Nijeriya. A manyan ƙasashe, Amurka da Niyu Zilan ne suka shahara da yarda da hakan. Wanda ake saye ba takardar likita kuwa, sai NAFDAC ta duba kalmomin tallarsa kafin a watsa. Dokar ba ta yaƙi maganin gargajiya ba, amma ka sani cewa lambar da ake ba yawancinsu shaida ce cewa an duba lafiyar shansu, ba shaidar suna warkarwa ba. Na'urorin lafiya ma suna ƙarƙashin hukumar, don haka ka yi hattara da mai kwamfutar da zai ce ka ɗora hannu ya karanto maka cututtuka goma, sannan ya sayar maka da maganinsu nan take.

Idan mahaifinka yana shan ƙwayar hawan jini, ko mahaifiyarka tana allurar suga, kada su ajiye saboda wata murya a rediyo ko Facebook. Kafin ka sayar da buhun gero ka sayi kwalba, kai ta wurin ma'aikacin lafiya na garinku ya duba. In ciwo ya yi tsanani, ka nemi a tura ku babban asibiti, ko Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato. Duk wanda ya yi maka alkawarin raba ka da ciwon suga har abada, ya riga ya karya doka kafin ya karɓi kuɗinka.

Allah Ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, amin.