Rundunar Sulhu a Kwango

Sa'ad da Kwango ta karɓi mulkin kai daga Beljiyam a 1960, fitina ta tashi, lardin Katanga mai albarkar tagulla ya ɓalle, sai Majalisar Ɗinkin Duniya ta aika da rundunar sulhu, wadda daga bisani sojojin Nijeriya suka shiga cikinta. Da Firayim Minista Lumumba ya ga rundunar ta ƙi murƙushe masu tawaye, ya nemi agajin Tarayyar Sobiyet, lamarin da Amurka ta ɗauka zunubi marar kaffara, har ma'aikatanta na asiri suka ƙulla makircin halaka shi. Amma ajalinsa a hannun mutanen Katanga da jami'an Beljiyam ya faɗa, cikin Janairun 1961. Janar Ironsi na Nijeriya ya jagoranci rundunar sulhun a 1964, shekarar da aka janye ta.