Canza injekta a injin tsohuwar mota: abin da ake dubawa kafin a kwance

Injekta, wadda makanikai da dama ke kira nozul, ƙaramar na'ura ce mai aiki da lantarki da ke fesa fetur cikin iskar da injin mota ke zuƙa. A mafi yawan motocin fetur da aka ƙera daga shekarun 1990 zuwa yau, kowace silinda tana da tata, an jera su a jikin wani bututun ƙarfe mai rarraba musu mai. Famfon da ke cikin tanki ne ke turo fetur da matsin da ya kai kimanin bar 3, ƙwaƙwalwar mota kuma ita ke ba da umarnin buɗewa da rufewa. Kowace buɗewa ba ta wuce 'yan kasonni cikin dubu na daƙiƙa guda.

Fasahar ta girmi yadda ake zato. A 1967 kamfanin Bosch na Jamus ya fito da tsarin D-Jetronic mai aiki da lantarki a wata motar Volkswagen, sannan a 1973 ya kawo K-Jetronic, wanda injektocinsa ba su da waya ko ɗaya: matsin mai ne ke buɗe su, su yi ta fesawa ba yankewa. Dangin wannan tsari ne ke cikin Mercedes 190E da har yanzu ake gani a titunanmu. Wasu samfuran Golf 3 kuwa injekta ɗaya tal gare su, tana zaune a saman injin inda kabureta ke zama a da, tana ciyar da silinda huɗu. Saboda haka tambayar farko ita ce wane tsari motar ke ɗauke da shi, domin kayan wannan ba sa yi wa wancan aiki.

Babban abin da mai mota ya kamata ya riƙe shi ne cewa ƙwaƙwalwar mota ba ta auna man da ya fita daga injekta. Lokaci kawai take ƙirgawa. Tun daga masana'anta an sanar da ita cewa injektar wannan injin tana zubar da mililita kaza a minti ɗaya, a kan haka take lissafin tsawon buɗewa, don a samu kusan kashi 14.7 na iska ga kashi 1 na fetur a ma'aunin nauyi. Idan aka cire mai zubar da mililita 200 aka sa mai 250, ƙwaƙwalwar ba ta da labari. Za ta ci gaba da buɗewa yadda ta saba, man da ke shiga kuma ya ƙaru da kashi 25 cikin ɗari. Na'urar da ke sansanar hayaƙi a bututun salansa tana iya rage ɓarnar, amma gyaranta yana da iyaka, kuma a tsofaffin motoci ba a sauraronta lokacin da injin yake da sanyi ko aka taka totur har ƙasa. A motoci da yawa na hannu ma ta daɗe da mutuwa.

Sakamakon yawan mai sananne ne: baƙin hayaƙi, fulogi mai baƙin toka, da tankin da ke ƙarewa kafin lokaci, abin da ba wanda ke ɗauka da wasa tun da aka janye tallafin fetur a watan Mayun 2023. Akwai kuma ɓarnar da ba a gani. Fetur ɗin da bai ƙone ba yana wanke man da ke jikin bangon silinda, ya gangara ya tsinka baƙin mai, injin ya riƙa cin kansa a hankali. Ƙarancin mai ya fi haka haɗari, domin yana ƙara zafin ƙonewa har ya iya cinye bawul ko ya huda kan fistin.

Abu na biyu shi ne juriyar lantarki. Injektoci iri biyu ne: masu juriya mai yawa, kimanin ohm 12 zuwa 16, da masu ƙarama, kimanin ohm 2 zuwa 4. A ido ba su da bambanci, soket ɗinsu ma yakan zo ɗaya. Sa mai ƙaramar juriya a motar da aka tsara wa mai babba yana jawo wutar da ta fi ƙarfin ƙwaƙwalwar, har ta iya ƙonewa, ita kuwa ta fi injektocin duka tsada. Mitar mai gyaran wayar mota tana warware wannan cikin minti guda. Sai tsawo da kaurin baki, da yanayin feshin: injin mai bawul biyu na shigar iska a kowace silinda sau da yawa yana son feshin da ya rabu biyu, kuma wadda ke harbi a tsaye za ta jiƙa bango ne kawai.

A kasuwannin kayan mota irin su Ladipo a Legas, Ƙofar Ruwa a Kano da Panteka a Kaduna, abin da aka fi dogara da shi shi ne launi da kama. Launi ba hujja ba ne, domin kamfanoni daban-daban suna amfani da launi guda ga girma daban. Lambar da aka buga a jikin injektar ita ce shaida. A ganin mai wannan rubutu, saiti na hannu da aka ciro daga injin iri ɗaya, aka gwada shi a gaban mai saye, ya fi sabuwa fil marar suna da ba a san inda aka ƙera ta ba.

Kafin a kai ga saye, ya kamata a tabbatar cewa laifin na injekta ne. Rawar injin, jinkirin tashi da shan mai alamomi ne da fulogi, koyil, toshewar matatar mai, raunin famfo ko tsagewar tiyon iska duk ke haifarwa. Motocin da aka ƙera don kasuwar Amurka daga 1996 suna da soket ɗin na'urar bincike: lambobi P0201 zuwa P0204 suna nuni ga wayar injektar silinda ta 1 zuwa ta 4, P0301 zuwa P0304 kuma suna cewa silindar ba ta ƙona mai daidai, ba tare da faɗin dalili ba. Akwai gwajin da ba ya cin kuɗi: a musanya injektar silindar da ake zargi da ta maƙwabciyarta. In matsalar ta bi ta, an kama mai laifi. In ta tsaya inda take, a nemi wani wuri. Wadda datti ya toshe sau da yawa wanki a injin gwaji ya ishe ta, inda ake ganin adadin da kowace ta zubar a kwalaben awo. Wadda wayar cikinta ta yanke, ko take ɗiga bayan an kashe mota, wanki ba ya mata magani.

Aikin kansa ba shi da wuya, amma fetur ne ƙarƙashin matsi. Ana yin sa da injin mai sanyi, a fili, nesa da wuta da masu walda. A cire fiyus ɗin famfon mai, a tayar da motar har ta mutu da kanta don matsin ya sauka, sannan a cire kan batir. A share ƙurar da ke kewaye kafin a ɗaga bututun, domin duk abin da ya faɗa ramin cikin injin zai tafi. Soket ɗin motar da ta shekara ashirin zafi ya riga ya busar da shi, a hankali ake taɓa shi.

Inda aka fi yin sakaci shi ne zoben roba. Kowace injekta tana da na sama da na ƙasa, kuma ba a mayar da tsoho. Na ƙasa in ya taurare yana barin iska ta saci hanya, injin ya riƙa rawa a tsaye. Na sama in ya tsage fetur yake fesawa a kan injin mai zafi, wanda ke iya tayar da gobara. A shafa wa sabon zobe ɗan baƙin mai mai tsabta kafin a tura shi, a kuma leƙa ramin ko tsohon ya maƙale a ciki. Gam ba shi da gurbi a nan. Bayan an ɗaure, a murɗa makulli sau biyu ko uku ba tare da tayarwa ba, a duba kowace mahaɗa da ido da hanci. Yana da kyau a canza matatar mai a rana guda, tunda tsatsar tsohon tanki tana iya toshe injektoci.

Wasu masu tsofaffin motoci, in abin ya ishe su, sukan sa a cire tsarin gaba ɗaya a ɗora kabureta. Motar za ta tashi, kuma kowane gareji zai iya taɓa ta, sai dai yawanci shan mai yana ƙaruwa, sannan dole a sauya famfo, domin kabureta ba ta ɗaukar matsin bar 3.

Duk wannan bayani na injin fetur ne. A injin dizal na zamani matsin yana haura bar 1,000, feshinsa yana iya huda fatar mutum, kuma a motoci da yawa sai an shigar da lambar kowace sabuwar injekta cikin ƙwaƙwalwar motar da kwamfuta kafin injin ya daidaita.