Yadda ake gano matsalar bawul ɗin EGR a injin mota

EGR tsari ne da ke mayar da wani ɓangare na hayaƙin salansa cikin inji domin ya gauraya da iska da mai. Hakan yana rage zafin ƙonewar mai, wanda shi kuma ke rage iskar gubar NOx da mota ke fitarwa. An fara sanya shi a motocin Amurka a farkon shekarun 1970, kuma yau yana cikin motocin dizal da na fetur da dama.

A injin fetur, bawul ɗin yana rufe ne idan inji yana silo ko bai ɗumama ba, ya buɗe idan mota ta kama tafiya matsakaiciya. Babban abin da ke lalata aikinsa shi ne kunkunniyar hayaƙi da ke taruwa, musamman a motar da ke yawan gajerun tafiye-tafiye da tsayuwa cikin cunkoso.

Alamomi

Idan bawul ya maƙale a buɗe, inji kan riƙa karkarwa a silo, ya mutu a wurin tsayawa, ƙarfinsa ya ragu, motar dizal kuma ta yi baƙin hayaƙi. Idan ya maƙale a rufe, ko hanyoyinsa sun toshe, injin fetur kan yi ƙarar ƙwanƙwasa lokacin hawan tudu, abin da ka iya cutar da fistin. Farin hayaƙi tare da raguwar ruwan lagireto a motar dizal na iya nuna cewa na'urar sanyaya hayaƙin EGR ta tsage.

Matakan bincike

Da farko a sa na'urar bincike ta OBD-II, tsarin da Amurka ta wajabta wa motoci tun 1996. Lambar P0401 na nufin hayaƙin da ke wucewa bai isa ba, P0402 ya yi yawa, P0403 kuwa matsalar wayoyin sarrafa bawul ce.

Lambar ba ta nufin bawul ya mutu. A duba tiyo da soket da wayoyi tukuna. A tsohon samfuri mai aiki da zuƙon iska, ana buɗe bawul da famfon hannu inji yana silo: idan inji ya yi tangal-tangal ko ya mutu, hanya a buɗe take, idan bai canza ba, bawul ya maƙale ko hanya ta toshe. A na lantarki, na'urar binciken ce ke ba shi umarnin buɗewa.

Sau da yawa wanke bawul da hanyoyinsa da sauya gasket ya wadatar. Toshe shi da farantin ƙarfe, kamar yadda wasu makanikai kan yi, ba gyara ba ne: gubar hayaƙi na ƙaruwa, kuma a motoci da yawa fitilar gargaɗin inji ba za ta mutu ba.