Daga Kalangu Zuwa Kwamfuta: Yadda Mawaƙi Ya Koma Shi Kaɗai

A Guri, kamar sauran garuruwan fadamar Haɗeja, da zarar kaka ta yi an girbe shinkafa, sai bukukuwa su kankama. Wanda ya halarci biki a 'yan shekarun nan zai lura cewa dandalin da makaɗa biyar ko shida ke cikawa a da, yanzu saurayi guda ne ke riƙe da shi: janareto a gefe, manyan lasifikoki a gaba, kwamfuta ko waya a hannu. Wannan sauyi yana da tarihi, kuma tarihin ya girmi yawancin masu rawar.

A tsarin gargajiya, waƙa aikin taro ce. Alhaji Mamman Shata, wanda ya rasu a 1999, yana tafe ne da masu kalangu da 'yan amshi, haka Narambaɗa da masu kotsonsa. Ɗanmaraya Jos da kuntiginsa ne ya fita zakka. Mawaƙi uban gida ne, duk kyautar da aka ba shi akwai bakunan da ke jiran rabonsu a ciki.

Na'ura ta fara kutsowa ne ta Yamai. A 1978 Mamman Sani Abdoulaye ya naɗi kaset a gidan rediyon Nijar da ogan mai aiki da lantarki, shi kaɗai, ba makaɗi ba ɗan amshi. Shekara da shekaru ana jin sautinsa tsakanin shirye-shiryen rediyo da talabijin na ƙasar, har kamfanin Sahel Sounds na Amurka ya sake fitar da kaset ɗin a 2013. A Kano kuwa, masana'antar finafinai ce ta buɗe ƙofar. Cikin shekarun 1990 situdiyoyi irin su Iyan-Tama suka rungumi fiyanon Yamaha, wanda ke kwaikwayon ganga da sarewa da garaya a ƙarƙashin yatsun mutum ɗaya. Waƙar fim ɗin Sangaya ta nuna cewa kasuwa ta karɓi wannan sauti, aka raɗa masa suna kiɗan fiyano.

A kan wannan turba gambarar zamani, wato hip-hop, ta iso. A Nijar ta zo ne da ƙungiyoyi, irin su Lakal Kaney da Wass-Wong da Kaidan Gaskiya. A Kano kuwa ta tarar da ƙofa a ƙuntace. Hukumar Tace Finafinai, wadda aka kafa a 2001, ta tsananta bayan naɗa Abubakar Rabo Abdulkarim a 2007, kuma a shekarar aka ɗaure Adam A. Zango saboda faifansa na Bahaushiya. A 2009 wata kotun tafi-da-gidanka ta haramta waƙoƙi 11, ciki har da Girgiza Kai ta Nazir Ahmad Hausawa, wanda aka fi sani da Ziriums.

Labarin Ziriums ya fayyace abin da na'ura ta sauya. Mutumin situdiyo ne, ya iya haɗa kiɗa da kansa, don haka bai dogara da ayarin makaɗa ba. Waƙar ma ba ta jira shagon kaset ba: ta bi wayoyin matasa ta Bluetooth da memori, hanyar da babu kotun da ke iya tsarewa. Daga bisani, a 2010 ya fitar da kundinsa na ƙashin kansa, This Is Me, ta intanet, yana cakuɗa Hausa da Ingilishi. Mawaƙin da ba ya buƙatar ayari yana da wuyar kamawa, yana kuma da sauƙin yin hijira da sana'arsa.

Irin wannan ya faru a wata duniyar. A farkon shekarun 2000, a unguwar Croydon da ke kudancin Landan, wasu samari suka ƙirƙiro dubstep, kiɗa mai amo mai kauri da ke girgiza ƙirji, bugunsa kusan 140 a minti guda. Ɗaya daga cikin jagororinsa, Benga, wato Adegbenga Adejumo, ɗan asalin Nijeriya ne, kuma da na'urar wasan yara ta PlayStation ya fara haɗa kiɗa. Abokinsa Skream ya yi aiki da manhajar FruityLoops. Da wannan manhaja ce Hama, wani makaɗi a Yamai, ya haɗa kundinsa Houmeissa na 2019, inda ya zuba karin waƙoƙin makiyayan Sahara cikin sautin lantarki. Kayan aiki guda, kunne daban-daban.

Saboda haka idan matashin mawaƙin gambara a Kano ko Haɗeja ya bar abokansa ya shige ɗaki da kwamfuta, yana gauraya kalangu da amon ƙetare, hanyar da aka share tun 1978 yake bi. Ribar a fili take: kuɗi kaɗan, 'yanci mai yawa.

Asarar ce ba a cika lissafawa ba. Kalangu magana yake yi. Makaɗin da ya gaji sana'ar ya san taken kowane gida, ya san kirarin manomi da na masunci, yana hango mutum ya kira shi da sunan kakansa ba tare da ya buɗe baki ba. Manhaja tana iya ɗaukar amon kalangu ta adana, amma wannan sani a kan makaɗi yake. Duk bikin da aka yi a Guri ba a gayyace shi ba, ɗansa na ƙara samun dalilin neman wata sana'a, taken gidaje kuma na bin tsofaffi zuwa kushewa.