Asalin Ɗakin Hutun Matafiya a Filin Jirgin Sama

Wanda duk ya taɓa zuwa wata ƙasa ta jirgin sama ya san jira ya fi tafiyar wuya. Mutum ya zauna sa'a uku ko huɗu cikin babban zaure, ga hayaniya, ga kaya. Amma can gefe guda akwai wata ƙofa da ma'aikaci a bakinta yana duban takardu. Bayanta akwai kujeru masu taushi, da abinci da shayi kyauta, wani wurin har da ɗakin wanka. Ba kowa ake bari ya shiga ba, ka'idar shiga kuwa ta sake sau da yawa.

A Amurka abin ya faro. Cikin shekarar 1936 shugaban kamfanin American Airlines, C. R. Smith, ya tsiro da naɗa wa abokan kamfanin sarautar girmamawa. Ana ce da su Admiral, watau babban hafsan jiragen ruwa, ko da mutum bai taɓa tuƙa kwalekwale ba. Da aka buɗe filin jirgi na LaGuardia a birnin New York cikin 1939, sai kamfanin ya yi hayar wani ɗaki ya keɓe musu. Ɗaki na farko ke nan irin wannan.

A lokacin ba a sayen izinin shiga. Sai wanda kamfani ya ga dama ya kira, ko ɗan majalisa, ko attajiri, ko mai yawan tafiya da su. Pan American da TWA da United duka suka kwaikwaya. Alfarma ce zalla, kamar yadda bafade kan shigar da wanda ya so gaban sarki, ya bar wani a rana. Mutum biyu su biya kuɗin jirgi daidai wa daida, ɗaya ya miƙe ƙafa a ciki, ɗaya ya tsaya waje.

A zamanin nan kuma akwai wata ƙofa da ta fi wannan muni. A jihohin kudancin Amurka filaye da yawa sun raba wa baƙar fata wurin zama dabam, da wurin cin abinci, har da bayan gida. Gwamnati ta hana wannan a filin jirgin birnin Washington cikin 1948, amma waɗansu garuruwa suka ƙi, sai da alƙalai suka tilasta musu. Ba a gama da shi ba sai 1963.

Ita ma alfarmar ba ta daɗe bayan wannan ba. Wani ɗan kasuwa ya kai ƙara gaban hukumar da ke kula da jiragen sama. Hujjarsa ita ce, kamfanin jirgi mai ɗaukar jama'a ne, doka ba ta yarda ya fifita wani fasinja a kan wani don son rai ba. Cikin 1967 American Airlines ya buɗe ƙofa ga duk wanda zai biya dala 25 a shekara, ko dala 250 sau ɗaya har ƙarshen ransa. Cikin 1974 hukumar ta yanke wa dukan kamfanoni cewa ko su buɗe wa kowa, ko ga dukan masu tikitin aji guda, ko ga duk wanda ya biya. Talaka dai bai shiga ba, amma wannan ya fi adalci, gama an san abin da ake nema, ba sai da uban gida ba.

Daga nan sai mabuɗai suka yawaita. Cikin 1981 kamfanoni suka fara ƙidaya wa fasinja milolin da ya yi, wanda ya tara da yawa a ba shi kati mai daraja. Cikin 1997 kamfanoni biyar suka kafa ƙungiyar Star Alliance, daga baya EgyptAir ya shiga cikin 2008, Ethiopian kuma cikin 2011. Saboda haka mai katin zinariya na Ethiopian yana iya zama a ɗakin Lufthansa a Jamus, ko da tikitinsa na ƙaramin aji ne, muddin jirgin da zai shiga ran nan na ƙungiyar ne. Yana kuma iya shiga da baƙo guda. Abin mamaki, wanda United ya ba irin wannan kati ba ya shiga ɗakin United da shi in tafiyar cikin Amurka ce, sai in zai ƙetare zuwa wata ƙasa.

Akwai kuma kamfanin Priority Pass da aka kafa cikin 1992, wanda ke sayar da izinin shiga ɗakuna a ƙasashe masu yawa ba tare da duban jirgin da mutum zai shiga ba. Bankuna suka riƙa ba masu hulɗa da su wannan izini. Kafin a jima ɗakuna suka cika maƙil, har ana jerin gwano a bakin ƙofar da aka yi don gudun taro. Sai kamfanoni suka koma ƙuntatawa. Cikin 2022 Delta ya hana shiga sai saura sa'a uku jirgi ya tashi, cikin 2025 kuma ya ƙayyade wa masu katin banki iyakar shigar da za su yi a shekara.