Makarantun Kimiyya na Dawakin Kudu da Dawakin Tofa: Su Wa Suka Shiga?

Sa'ad da aka ƙirƙiro Jihar Kano cikin 1967, jiha ce mai ɗimbin jama'a amma mai ƙarancin likitoci da injiniyoyi 'yan ƙasa. Rikicin 1966 da yaƙin basasa sun sa ma'aikata 'yan Kudu da yawa sun koma gida, aka wayi gari ga asibiti ga ofis, babu masu riƙe su. Makarantun sakandare na gwamnati kuwa akwai su, har da tsohuwa irin Rumfa wadda ta soma a matsayin Midil tun 1927, sai dai yaran da ke cin darussan kimiyya har jami'a ta karɓe su ba su taka kara sun karya ba.

A kan wannan ne, cikin 1977, zamanin Gwamna Kanar Sani Bello, aka ware makarantu biyu, ɗaya a Dawakin Kudu ɗaya a Dawakin Tofa, aka mai da su na kimiyya zalla. Aka kafa musu hukuma tasu ta kansu, aka ba su ɗakunan gwaji da malamai. Dukansu na kwana ne, kuma a bayan birni suke.

Abin lura shi ne yadda ake shiga a wancan lokacin. Ba daga firamare ake ɗaukar yaro ba. Sai ya yi aji biyu a wata sakandaren, sa'an nan a yi masa jarrabawa, in ya ci a ɗauke shi ya yi shekara uku. Watau dai kowace makaranta a jihar sai an yaɗe mata man da ke saman nononta. Rukunin farko sun fita cikin 1980, kuma tun daga nan sunan Dawaki ya shiga bakin mutane, don kuwa 'ya'yanta sun yi ta shiga sashen likita da na injiniya a jami'o'i. To, amma mai kwatanta sakamakonsu da na sauran makarantu ya kamata ya yi hattara. Malamin da aka kwashe wa haziƙansa tun suna aji biyu, da me zai yi gasa ran jarrabawar ƙarshe? A ganina rabin nasarar nan tun a bakin ƙofa aka same ta, sauran rabin ne na kayan aiki da koyarwa.

Duk da haka jarrabawar ta yi wani alheri, domin ba ta tambayar gidan su wa ka fito. A lokacin, ɗan manomi daga ƙasar Gumel ko Rano yana iya zama benci ɗaya da ɗan attajirin birni, muddin ya ci.

'Yan mata fa? Su sai da suka jira shekara huɗu, har 1981, kafin a buɗe musu tasu a Taura. Ko a nan ma zaɓen ya fi wuya, saboda waɗanda suka kai aji biyu ba a cire su don aure ba 'yan kaɗan ne. Daga baya aka ƙara ta maza a Kafin Hausa da ta mata a Jahun. Da aka yanke Jihar Jigawa cikin 1991, waɗannan uku suka faɗa can, Kano ta tsira da Dawaki biyu.