Daga Ƙwaryar Nono Zuwa Ɗakin Tiyatar Zuciya

In ka taɓa shan fura da nono a Barkiya ko a kasuwar Dutsin-Ma, to ka san tsamin nan da ke kama harshe. Sinadarin da ke kawo shi, wato laktik asid, shi ne dai likitoci ke aunawa a jinin wanda aka yi wa tiyatar zuciya.

A 1780 Carl Wilhelm Scheele, ɗan ƙasar Suwidin, ya fara tace shi daga nono mai tsami. A 1843 kuma Johann Scherer na Jamus ya same shi a jinin wata mata da zazzaɓin bayan haihuwa ya kashe. Sai daga baya aka gano dalili: idan iskar oksijin ba ta kai wa sassan jiki yadda ya kamata, jiki ba ya ƙone sukari duka, sai wannan sinadari ya taru. A jinin mai lafiya bai cika wuce milimol 2 a lita ɗaya ba.

To ina ruwansa da zuciya? A 1953 John Gibbon ya yi nasarar tiyata a Amurka da injin da ke karɓar aikin zuciya da huhu, a 1974 kuma aka yi irinta ta farko a Nijeriya, a Enugu. Yayin da majinyaci ke kan injin, jini kan yi wa wasu gaɓoɓi ƙaranci. Hauhawar sinadarin ita ce ke yi wa likita gargaɗi tun da wuri.

Sai dai akwai wani abin da ke ɗaga shi: zafin ciwo. Ciwo na sa jiki ya saki adirenalin, shi kuma ya ƙara yawan sinadarin ko da oksijin ya wadata.

Nan allurar kashe jijiya ta shigo. A 1884 Carl Koller ya kashe zafin ido da hodar iblis a Biyana, William Halsted kuma ya yi allurarta kusa da jijiya a Niyok. Yau da na'urar sikanin ake ganin gurbin, a zuba maganin kashe zafi kusa da jijiyoyin ƙirji, ƙari a kan maganin barci. Majinyaci ya farka da sauƙin ciwo, buƙatarsa ta mofin ta ragu.

Shi ya sa masu bincike ke auna jinin waɗanda aka yi wa allurar, su kwatanta da na waɗanda ba a yi wa ba. In an cire hannun ciwo amma awon ya ci gaba da hawa, to likita ya san sai ya duba zagayawar jini.